Daɓen gidana ya tsage tun bai cika shekara biyu ba: a toshe ko a fasa?

Mai Gida a Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masu sani nake nema. A watan Janairun bara na sa aka zuba mini kankare tun daga bakin get har inda nake ajiye mota, tsawon mita 12, faɗin mita uku da rabi. Falle ɗaya aka yi shi, sumul, har maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka. Ba a yi sati ba na fara ganin wasu layuka siri-siri a samansa kamar saƙar gizo. Birkilan ya ce ba komai, fatar sama ce kawai. Damina ta wuce, sai ga tsaga guda ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, kusan daidai tsakiya. Na kira shi, ya kwaɓa siminti zalla ya shafe ta. Ko kwana arba'in bai yi ba ya ɓare, tsagar ta dawo inda take.

Wadda ta hana ni barci ita ce ta uku, da ta fito bayan daminar bana kusa da kusurwar ɗakin baƙi. Ƙaramin yatsana yana shiga ciki, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Jiya 'yar autata ta yi tuntuɓe a wurin ta fasa gwiwa. Ga hotuna nan na tura. Don Allah akwai abin da ake zubawa ya toshe gaba ɗaya, ko sai an fasa an sake? Kowa ya san yadda siminti yake a kasuwa yanzu.

Ɗan Kumo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinya lafiya. Ka nemi kwalta ka narka a tsohuwar gwangwani ka tsiyaya a ciki. Ni haka na yi wa nawa, damina biyu ke nan ruwa bai shiga ba.

Mai Intalok, Hanyar Biu:
Alhaji, kada ka sake zuba ko kwabo a wannan daɓen. Kankare in ya fara tsagewa ba ya dainawa. A fasa shi a jera maka intalok, ƙananan tubalan simintin nan da ake shimfiɗawa a ƙasa, ka huta. Shekara nawa ina wannan sana'a, mafi yawan masu kirana irin wannan matsalar ce ta koro su.

Injiniya daga Bauchi:
Malam, sannu da wannan damuwa, Allah ya sawwaƙe wa yarinya. Na duba hotunan sosai. Kafin a yi maganar abin da za a zuba, ka sani tsagogin nan uku ba ciwo ɗaya ba ne, shi ya sa magani ɗaya ba zai yi musu ba.

Masu kama da saƙar gizo, birkilanka ya yi gaskiya, a fata suke. A Janairu aka zuba, tsakiyar hunturu. Iskar nan busasshiya tana shanye ruwan saman kankare tun bai kama jikinsa ba, sai saman ya motse ya yayyage, kamar yadda leɓe ke tsagewa a irin lokacin. In an yi ta goga shi da cokali ana yayyafa ruwa ko ana barbaɗa busasshen siminti don ya yi sheƙi, abin ya fi muni. Ba sa hana mota wucewa, ka bar su.

Ta tsakiyar nan kuwa, ko ni na tsaya a kan aikin, in dai falle ɗaya aka zuba mita 12 ba a yanka shi ba, sai ta fito. Kankare yana raguwa yayin da yake bushewa. A tsawon mita 12 zai iya motsewa da kusan milimita 5 zuwa 6, ƙasa kuma tana riƙe da shi ta ciki ba ta bar shi ya ja jikinsa ba, dole ya ɓalle a wani wuri. Bayan haka ga zafi da sanyi: duk sauyin digiri 10 yana ƙara wa irin wannan tsawon ko ya rage masa fiye da milimita ɗaya. Ka kwatanta tsakar ranar Afrilu da asubahin Janairu a Gombe. Wato tsagar nan tana buɗewa tana rufewa, kusan kamar numfashi. Da aka shafa mata siminti zalla an sa mata abu mai tauri a wurin da ke motsi, ai dole ya ɓare. Abu mai laushi take so, mai miƙewa kamar roba.

Ta ukun ce mai magana. Duk tsagar da gefe ɗaya ya sauka, ba kankaren ne ya fara lalacewa ba, ƙasar da ke ɗauke da shi ce ta zame. Ka ɗauki guntun rodi ko guduma ka bi wurin kana ƙwanƙwasawa. Inda yake zaune a kan ƙasa za ka ji sauti a dunƙule, inda rami yake a ƙasa za ka ji kamar ganga. Sannan ka ɗaga kai ka duba: ina indararon ɗakin nan yake zuba?

Tsohon Birkila a Bolari:
Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mini, ni idanu sun yi rauni. Na fi shekara arba'in da cokali a hannu. Injiniya ya faɗi gaskiya a kan yanka. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashin manyan kamfanoni muna samari, ba a taɓa barin mu mu zuba daɓe mai tsawo haka ba tare da an raba shi gida-gida ba. Ko a sa siririn katako tun wurin zubi, ko a ja layi da bakin ƙarfe tun yana ɗanye. Tun ran gini ran zane. Kai ne za ka nuna wa kankare inda zai tsage, in ba ka nuna masa ba ya zaɓa da kansa.

Amma ina da tambaya ga mai gida, kuma ya yi mini afuwa. Buhu nawa aka zuba a aikin nan? Kuma kwana nawa aka yi ana ba shi ruwa? Don na ga tun da aka fara kowa yana hararar birkila.

Mai Gida a Tumfure:
Baba, Allah ya ƙara girma. Buhu 16 aka yi amfani da su. Ban ruwa kuwa kwana uku aka yi, safe da yamma. Unguwarmu ruwa sai an saya, lokacin kuma aikin ya riga ya cinye abin hannuna.

Tsohon Birkila a Bolari:
To ɗana, ka ji inda gizo ke saƙar. Injiniya ya buga mana lissafi, ni dai da ido na san buhu 16 ba za su riƙe wannan fili ba.

Injiniya daga Bauchi:
Baba ya yi daidai. Mita 12 sau uku da rabi, in kaurinsa santimita 10 ne, wato inci 4 da ake so ga ƙaramar mota, ya kama kubik mita 4 da ɗan ɗoriya. Haɗin 1:2:4 yana cin buhu 6 ko fiye kaɗan a kowace kubik mita. Ka ga ana maganar buhu 25 zuwa 27. In 16 suka isa, to ɗayan biyu ne: ko an tsinka haɗin da yashi, ko kaurin bai kai ba. Mai yiwuwa ma duka biyun.

Ga waɗanda ba su saba da 1:2:4 ba, buhu ɗaya mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Saboda haka buhu guda yana tafiya da kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Ruwa kuma kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage.

Lebura a Pantami:
Injiniya ranka ya daɗe, wannan na jarka ɗaya a takarda ne. Ka zo ka juya kankare da shebur da rana tsaka a wannan ruwan ka gani. Hannu ba ya iyawa. Mu shida za a ɗauka a ce mu gama kafin la'asar, ba injin kwaɓi, ba komai. In ba mu ƙara ruwa ba ba zai baje ba, kuma mai gida yana tsaye yana cewa a yi sauri.

Injiniya daga Bauchi:
Ɗan'uwa, ban raina wahalarku ba, na sha riƙe shebur a wurin aiki. Amma ka san inda ruwan nan da aka ƙara yake zuwa? Siminti yana shan abin da yake buƙata ne kawai, ragowar ya tsaya a ciki, daga baya ya ƙafe ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Kankaren da aka kwaɓa kamar kunu ya fi raguwa, ya fi tsagewa, kuma samansa yana zama gari. Ruwa a cikin kwaɓi kaɗan ake so, ruwa a bayan zubi ne ake so da yawa. Mu kuma mun juya abin, muna cika shi a kwaɓi muna yi masa rowa a ban ruwa. Maganin abin da ka faɗa shi ne mai gida ya yi hayar injin kwaɓi ko ya ƙara hannu, ko a raba aikin kwana biyu, tunda dama gida-gida ya kamata a zuba.

Hajiya ta Shongo:
Ni maganar ban ruwan nan ce ta taɓa ni. Muna yara a gidan kakarmu, in za a yi daɓen ɗaki mata ake gayyata. A baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, a durƙusa da madaɓi ana bugu ana waƙa tun safe. Washegari a dawo a sake bugu inda ya buɗe. Sai ya yi kwanaki ana haka kafin a zuba masa ruwan makuba, wanda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a samu. Ba wanda ke taka shi sai tsohuwa ta ce ya yi. Wannan daɓen na ƙasa ne fa, amma har na yi aure yana nan. Yanzu an samu siminti, ga shi ma a jiharmu ta Gombe ake yin sa a Ashaka tun 1979, sai muka ɗauka shi ba ya son haƙuri. A zuba yau, jibi a hau da mota.

Nawa daɓen da aka yi, ni na hana kowa sakat. Na sa aka tara buhunan algarara aka shimfiɗa, yara suna jiƙa su safe da rana da yamma har kwana goma. Ruwan wanke-wanke mai sabulu ban bari an zuba ba, mai kyau nake saya. Akwai tsaga ɗaya siririya a bakin get, ban da ita lafiya lau.

Injiniya daga Bauchi:
Hajiya, abin da kika yi shi ne ka'ida. Kwana 7 ne mafi ƙaranci, kuma kankare ba ya kai ƙarfin da ake lissafa masa sai ya kwana 28. Ga mai ƙarancin ruwa akwai dabara: a jiƙa shi sosai sau ɗaya, a rufe da leda baƙa ko fara, a danne gefuna da yashi ko bulo kada iska ta shiga. Ruwan da ke ciki ba zai gudu ba. Jarka biyu za su yi aikin da kura guda za ta yi.

Mai Intalok, Hanyar Biu:
Duk wannan dogon bayani ai shi ne hujjata. Kankare sai an auna ruwa, sai an yanka, sai an yi jinyarsa sati guda, sannan duk da haka ya tsage. Intalok a jera yau a hau yau. In wuri ya zauna a cire guda ashirin a gyara ƙasa a mayar. In bututun ruwa ya fashe a ƙasa ba sai an kawo guduma ba.

Hajiya ta Shongo:
Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. Gidan ƙanwata intalok ne. Duk damina sai an sa yara cire ciyawa a tsakankaninsa, tururuwa kuma ta fitar da yashin ƙasan ta tara a sama. Daidai inda tayar mota ke bi ya lotsa ya zama kwari biyu, ruwa na kwanciya. Shara ma wahala ce, tsintsiya ba ta kwashe ƙasar da ke cikin ramukan.

Mai Intalok, Hanyar Biu:
Hajiya wannan ba a daddale ƙasan ba ne kafin a jera, kuma ba a yi masa kaba, wato bakin kankare mai tare shi, a gefe ba.

Tsohon Birkila a Bolari:
To ai ka dawo kan maganarmu. Ko intalok ko kankare, ƙasan ne aikin. Kuma intalok ɗin ma siminti ne, in mai bugawa ya tsinka haɗi sai ka ga yana marmashewa a shekara biyu. Ni ban ce ba shi da kyau ba. Amma mutumin da ke kukan kuɗin buhu biyar ba a ce masa ya fasa fili guda ya sayi sabon abu. A bari ya ƙwanƙwasa ya gaya mana abin da ya ji.

Direban Tanka:
Ku ba ni dama in sa baki, tunda mai gida ya ce ruwa saye suke yi. Alhaji, tanka tana shiga gidan?

Mai Gida a Tumfure:
Tana shiga. Da rani kusan duk wata, don tankin ƙasa yana can bayan ɗakin baƙi.

Direban Tanka:
To wallahi ka daina bari. Lita dubu goma ta ruwa tan goma ce cif, ban da nauyin motar kanta, kuma yawancin nauyin a tayoyin baya yake. Ni da kaina na sha jin daɓen mutane yana ƙara a ƙarƙashina ina ja da baya. Ina faɗa wa masu gida, wasu su ji wasu su ce in shiga kawai. Ka sayi dogon tiyo ka ajiye a gida, mota ta tsaya a waje. Mai kawo yashi da tifa ma haka.

Injiniya daga Bauchi:
Allah ya saka da alheri, direba, ni ban ma kawo wannan ba. Daɓen da tanka za ta hau yana son aƙalla santimita 15 da ragar ƙarfe a ciki, a kan burji da aka daddale da inji.

Ɗan Kumo:
Ni dai har yanzu ban ji an ce komai a kan kwaltata ba. Kuma akwai wanda ya ce mini in an narka farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin a fetur yana zama gam mai toshe komai.

Injiniya daga Bauchi:
Kwalta tana aiki, ban hana ba, ita ce ake zubawa a mahaɗar kankaren manyan hanyoyi tun da daɗewa. Aibinta a gida shi ne in zafin Maris da Afrilu ya zo tana laushi, takalmi ya ɗauka ya kai kan darduma. In za a yi, kada a cika ta har baki, kuma a barbaɗa yashi mai laushi a kai tun tana da ɗumi. Wurin narkawa a nisanta yara, kuma ramin ya bushe ƙaƙas, don kwalta mai zafi in ta haɗu da ruwa tana fantsama. Na fetur ɗin nan kuwa don Allah a bar shi. In ya bushe ƙanƙara yake zama ya karye, ga haɗarin gobara a gidan da ake girki a tsakar gida.

Malamin Makaranta a Deba:
Ina bin zancen nan da kyau domin mu a nan abin ya fi haka. Akwai wuraren da ƙasarmu baƙar laka ce, da rani ta dare har ƙafar akuya na faɗawa, da damina ta kumbura. Ajinmu guda an yi masa daɓe sau biyu yana tashi. Irin wannan fa, Injiniya?

Injiniya daga Bauchi:
Malam, wannan ƙasar ta wahalar da injiniyoyin hanya ma, ba ku kaɗai ba, duk wanda ya san hanyar Gombe zuwa Numan ya ga aikinta. Ba a zuba kankare kai tsaye a kanta. Sai an kwashe ta an zurfafa, a cike da burji ko jar ƙasa hawa-hawa ana dannewa, sannan a hana ruwa kwanciya kusa da gini. A irin wurinku kam ina goyon bayan mai intalok a tsakar gida, don abin da ke iya motsi tare da ƙasa ya fi wanda zai yi gardama da ita. Mu a cikin garin Bauchi dutse ya yi mana gata a wurare da yawa, abin da ya fi damunmu saiwar bishiya ce. Mutum ya dasa maina taku biyu daga daɓe, bayan shekara shida ta ɗaga shi.

Mai Gida a Tumfure:
Jama'a na dawo. Bayan la'asar na ɗauki rodi na bi daɓen kamar yadda Injiniya ya ce. Ko'ina sautinsa ɗaya, har gefen tsagar tsakiya. Ina isa kusurwar ɗakin baƙi sai sauti ya sauya, fili kamar faɗin tabarma yana amsawa kamar an buga ƙwarya. Na ɗaga kai, indararo yana daidai saman wurin. Ruwan rufin gaba ɗaya a nan yake sauka, kuma akwai 'yar tazara tsakanin daɓen da bangon da ban taɓa kula da ita ba. Na kawo bokiti guda na tsiyaya a tsagar, ko ɗigo bai tsaya a sama ba, na ji shi yana gurgura a ƙasa.

Ban iya haƙuri ba, na sa guduma na fasa bakin kusurwar. Hannuna ya shige har wuyan hannu bai taɓa ƙasa ba. Abin da na zaro guntayen bulo ne da tsohuwar leda da yashi. Na auna kaurin kankaren da rular yara, santimita 6 ne. Ga hoton.

Tsohon Birkila a Bolari:
Ruwa ba ya tsami banza. Wurin nan ramin tushen gini ne aka mayar da shara a ciki ba a danne ba, indararo ya ƙarasa shi. Ɗana, kada ka bar shi ya kai wata damina, domin ruwan da ya cinye ƙasan daɓe tushen ɗakin yake nema.

Ga yadda zan yi in ni ne. A ja layi murabba'i a wuce inda sautin ya sauya da kamar taku ɗaya ta kowane gefe. A yanka da garanda, kada a fasa da guduma kawai, don bakin ya fito a miƙe kuma girgiza kada ta buɗe wata tsagar. A kwashe duk abin da ke da laushi har a taras da ƙasa mai tauri. A kawo burji a zuba kamar tsawon yatsa biyu a haɗe, a yayyafa ruwa, a daka da turmin ƙarfe ko guntun gungume har sai ka taka dugaduganka ba su bar alama ba, sannan a ƙara wani hawan. Wannan dakan shi ne yara ba sa so, ka tsaya a kansu. A shimfiɗa leda, a zuba kankare na gaskiya inci 4. Tsakaninsa da bango a sa siririn katako ko soso, kada a manne su. A ba shi gangara ruwa ya gudu daga ɗaki. Da yamma za a zuba, rana ta yi sanyi.

Indararon kuma a sa masa bututu ya sauko har ƙasa ya bi ta gefe zuwa lambatu. In ba a yi wannan ba duk sauran aikin banza ne.

Injiniya daga Bauchi:
Ba ni da abin ƙarawa a kan na Baba sai kaɗan. Da tsohon daɓen yana da kauri da na ce a huda gefensa a cusa guntayen rodi mai milimita 12 don sabo da tsoho su riƙe juna. Amma santimita 6 ba ya ɗaukar huji, zai fashe. A bar mahaɗar a matsayin layi, a ɗan cusa sabon kankaren ƙarƙashin bakin tsohon ya zama masa matashi. A duba yashin kuma: a zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza a ajiye. In lakar da ta kwanta a sama ta kusa kashi ɗaya cikin goma, a canza yashi. Mota kada ta hau sabon wurin sai bayan sati, in da hali a kai sati biyu.

Ta tsakiyar kuma, a bi ta da garanda a buɗe bakinta kamar milimita 8, zurfi ma haka. Mai yankan ya rufe hanci da baki da ido, ƙurar kankare tana illa ga huhu. A share, a hure ƙurar sarai, in an wanke a bari ya bushe kwana ɗaya ko biyu. Inda ramin ya yi zurfi a cusa siririn soso ko busasshen yashi ya tare ƙasa. Sai a matsa gam ɗin mahaɗar kankare, wanda ake kira foliyuretan, irin su Sikaflex, da bindigar matsa silikon. A tambayi masu kayan gini, a ce na kankare ake so na waje, ba silikon ɗin gilashi ko na banɗaki ba. A shafe da yatsa a cikin leda. Da safe ya fi, lokacin tsagar ta fi buɗewa. Kuma tunda garandar ta zo, a yanka layuka a sauran daɓen duk bayan mita 3, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin. An makara, amma zai rage wata sabuwa ta fito inda ba a so.

Wata 'Yar'uwa a Jekadafari:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa ba wanda ya ce a kira birkilan nan ya gyara da kuɗinsa? Santimita 6 fa, a kan shara. In an bar su haka gobe wani zai yi wa.

Lebura a Pantami:
Yaya, a tambayi mai gida tukuna buhu nawa birkilan ya ce a saya.

Mai Gida a Tumfure:
Tambayar nan tana da nauyi, kuma gaskiya ɗaya ce. Ya rubuta mini buhu 25 da tifa ɗaya ta burji da ragar ƙarfe. Ni na ce ba ni da halin haka, a bar burji da raga, a yi da 16. Ya ce ba zai yi ƙarko ba, na ce ƙaramar mota ce kawai. Na manta da wannan zancen sai da Baba ya yi tambaya jiya, tun lokacin kuma abin yake damuna, domin na faɗi maganganu a kansa a unguwa. Sharar da aka bari a ramin da rashin yanka daɓen nasa ne, zan gaya masa. Sauran nawa ne. Gobe in Allah ya kai mu zan same shi bayan sallar asuba, masallacinmu ɗaya.

Wata 'Yar'uwa a Jekadafari:
To na janye rabin maganata. Amma da ya ƙi aikin tun farko da ya fi masa.

Tsohon Birkila a Bolari:
'Yata, mai iyali bai cika iya ƙin aiki ba, in ya ƙi wani zai karɓa kafin azahar. Ni ma na yi irinsa ina da ƙuruciya, kuma har yau in na wuce gidan ba na son kallon wurin. Mai gida, ka ba shi gyaran ya yi, ya fi kowa sanin abin da ke ƙasan. In kun sa rana ka sanar a nan, ɗana zai kawo ni a babur in tsaya a kan dakan burjin. Yanzu ne lokacinsa, ruwa ya ɗauke kuma hunturu bai kankama ba.

Mai Gida a Tumfure:
Baba, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya. Asabar mai zuwa nake so in an samu burji. Injiniya, gam ɗin nan guda nawa zan saya, kuma buhu nawa kusurwar za ta ci? Na auna wurin da za a yanke, mita biyu ne da mita ɗaya da rabi.

Injiniya daga Bauchi:
Kusurwar buhu 2 ne, ka sayi 3 saboda cusawar gefe da gyaran bakin lambatu. Gam kuma tsagar tsakiya ita kaɗai za ta kusa cinye ƙaramin mai mililita 300, ka ɗauki 3 don mahaɗar sabon wurin da jikin bango. Ka duba ranar lalacewarsa a gindin robar kafin ka biya, wanda ya daɗe a shago yana daskarewa a ciki.

Direban Tanka:
Tiyon kuma ka auna daga bakin get zuwa tankin ka ƙara mita biyar, mai inci biyu za ka nema.